Gajere Kashi Na Uku

Duk Ƙonni an san bakin Labo ya fi hankalinsa sauri. Direba ne tun asali, ya yi shekaru yana jan kamiyon albasa daga Galmi zuwa Abijan, kuma a can ya ga abin da ya shiga ransa: tele, wato talbijin, da wani ɗan akwati a gindinta, a cusa kaset, mutum ya riƙe abin dannawa yana juya ɗan mutumin da ke cikin gilashi yadda ya ga dama. Da ya tashi auren Saratu, 'yar mutanen Tajaye, sai ya ce ya gaji da kwanan hanya. Ya ajiye tuƙi, ya kama ɗan shago kusa da tasha a hannun Alhaji Hamani, ya jera benci biyu, ya jawo kuran, wato wutar lantarki, ya buɗe gidan wasa.

Kasuwa ta buɗe masa. 'Yan kabu-kabu, 'yan canji, matafiya masu jiran mota ta cika, har da wani jandarma da kan cire hularsa ya ɓuya a lungu, kowa sai ya taɓa. Kasusuwan suna da yawa, amma ɗaya ne ya kama garin. Rubutun da ke jikinsa na Japan ne, ba mai iya karanta shi, saboda haka mutane suka raɗa wa ɗan mutumin suna Gajere, don gajere ne mai ƙaton kai, yana yawo da fitila yana tsallake ramuka. An cinye kashi na ɗaya. Kashi na biyu kuwa ya gagari kowa wata da watanni, sai ran nan da hantsi Labo da kansa ya kai ƙarshensa, shago cike har waje.

Ƙarshen ne ya zo da abin da ba a zata ba. Gajere ya kayar da dodon ƙarshe, ya miƙa hannu zai buɗe ƙofar gida, sai ƙasa ta tsage ya faɗa rijiya, murfi ya rufe a kansa. Gilashi ya yi baƙi, lamba uku ta fito ƙatuwa tana walƙiya. Mutane suka yi ta salati kamar ɗan unguwarsu ne ya faɗa.

A bakin ƙofa akwai Illo, mai gidan bidiyo na tsallaken titi. Taubashin Labo ne, tun suna yara ba ya ganinsa ya ƙyale.

"To madalla," in ji Illo. "Gajere ya samu wurin zama. Kai ko kahin na ukku shi iso, shagon ga ya koma wurin aje buhunnan siminti, kana bisa hanya kana warin albasa."

Aka yi dariya. Da Labo ya yi dariyar shi ma, da yau ba mu da labari. Amma jininsa na tafasa da nasara, ga ango, ga jama'a. Ya miƙe ya daki ƙirji.

"Ku shaida! In na ruhe shagon ga kahin a hidda Gajere daga rijiyag ga cikin telen ga, Saratu ta saku, saki ukku!"

Dariyar ta mutu nan take. Wani dattijo da ke jiran motar garin Tawa ya ɗauki jakarsa ya fita yana girgiza kai. Shi kansa Labo ya ji maganar tana fita yana son ya kamo ta, amma ta riga ta shiga kunnuwa da yawa.

Kafin azahar zance ya kai wa Malam Isufu, limamin unguwa, tsoho mai raunin ido da ba ya wasa da maganar aure. Ya sa aka kira Labo. Ya wanke shi tas, sannan ya gaya masa abin da yake gudun ji: da da Allah ya rantse, da kaffara ta wanke shi, amma rantsuwa da saki ba ta da kaffara, tana nan rataye har sharaɗinta ya cika. Rufewar dare da ta zuwa masallaci ba komai. Amma ranar da rana ta fito ta faɗi ƙofar shagon na kulle, da hannunsa ko da sakacinsa ko da dabararsa, to Saratu ta haramta gare shi.

Da ya koma gida ya faɗa mata, Saratu ta daɗe tana kallonsa. Mace ce mai sanyin magana, ba ta iya hayaniya ba.

"Ni ka ɗauka ka aza bisa benci gaban 'yan tasha?"

"Kuskure na, Saratu. Kahin damana kaset ɗin ya iso. Ba ki ga sun rubuta ukku ba? Mutanen ga ba su ƙarya."

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Duk ɗan kasuwar da zai tsallaka iyaka, Labo ya bi shi har mota da roƙo. Sakkwato babu, Kano babu. Alhazai ma an ba su saƙo su duba a Jidda, suka dawo da rediyo da agogo da haƙuri. Saratu ta haifi 'ya mace aka sa mata Kande, ranar suna Labo ya buɗe shago tukuna kafin ya zo wurin raɗin suna. Ranar salla ya buɗe. Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, a kan bencin shagon ya yi jinya, ƙofa a wangale.

Kasuwar kuma ta fara janyewa. Wasu suka buɗe nasu gidajen da sababbin na'urori masu wasan ƙwallo, samari suka koma can. Labo bai iya sauya na'ura ba, don in Gajere ya zo a wannan tsohuwar zai shiga. Abin dannawa ya saki, ya ɗaure shi da roba. Kasusuwa suka tsufa, sai an hura musu iska an goge da bakin riga kafin su kama. Wani yini ba ya ganin kowa sai masu neman inuwa. Abin da ke riƙe da gidan shi ne ƙosai da kunun da Saratu ke yi, kuma ya san haka, kuma yana jin kunyarsa kullum.

Ƙasimu ne ya kawo labarin gaskiya. Shi ne babban mai shigo da kayan lantarki a garin, har Ikko yake zuwa da kansa. Ya shigo ran nan bayan la'asar, ya zauna, ya ƙi shan ruwan da aka ba shi.

"Na tambaya maka wurin babban dila, shi ko ya tambayi Basinen da ka kawo mai kaya. Labo, kamfanin ga ba mutum guda ba na da za ka kama ƙahwa tai ka roƙa. Manya na, su zamna su dibi kowane wasa, mi anka kashe wurin yi nai, mi yad dawo. Na ɗaya ya yi kasuwa, shi as sa anka yi na biyu. Na biyu ya ci dukiya, ga shi ya hito lokacin da mutanen can sunka koma ma sabuwar na'ura, ba su saye shi ba. Sai anka kwashe masu zana Gajere anka maida su wurin wasan ƙwallo. Ita ƙwallo ko wace shekara sai a sake sunan 'yan wasa a sake saidawa."

"Ba su saye ba?" Labo ya tashi tsaye. "Nan Ƙonni wa bai buga Gajere ba? Malbaza, Illela, har Dogarawa mutane na zuwa takanas! A hwaɗa musu mana!"

Ƙasimu ya ɗauki kaset ɗin ya juya bayansa.

"Wanga kwaikwayo na. Duk wanda kag gani daga Ikko har Agadas kwaikwayo na, wasu ka buga su a ɓoye. Ko sisi bai kai ga kamfani ba. Da duk Nijar za ta bar noma ta zamna tana buga Gajere, su ba su san an yi ba. Ba mu cikin lissahinsu."

Wannan ta fi komai yi wa Labo ciwo. Shekarun nan yana ganin kamar akwai wani a can nesa da ya san ana jira. Ashe ko sunan ƙasar ba a ambata a wurin zaman. Ya koma ya zauna, can sai wani ɗan fata ya taso masa.

"To sun kashe shi ke nan? Ba a yi nai har abada?"

"Nan hwa gizo yake," in ji Ƙasimu. "Su ba su cewa sun kashe. Cewa sukai sun aje. Sunan dukiya ta garesu, wata rana in sun ga da riba su tada shi, ko su saida ma wani kamfani. Wasu an tada su bayan shekaru, wasu har yau shiru."

Labo ya ɗauki maganar nan ya kai wa Malam Isufu kamar mai kai ƙwai a tafin hannu. Malam ya saurara, ya sa aka maimaita masa kalmar.

"Aje shi sunka yi, ko kashe shi?"

"Ajewa, Malam. Amma ai duk ɗaya na."

"Ba ɗaya ba na, Labo. Da sun ce ya mutu murus, da na zamna da malammai mun diba ko akwai ƙohwa ga wanda ya rataya aurenai ga abin da ba shi yiwuwa. Amma abin da anka aje rai gare shi. Gobe ana iya ɗauko shi. Ni ba ni halatta maka mace bisa shakka."

Haka mutanen da ba su san da shi ba suka riƙe shi da kalma guda. Da sun yi kashi na uku ya fita, da sun kashe wasan wataƙila ya fita, sai suka zaɓi tsakiya don tsakiyar ba ta cinsu komai.

Daga nan ya fara fatan abin da ɗan kasuwa ba ya fata: a kore shi. In mai shago ya fitar da shi da ƙarfi, ai ba shi ya rufe ba. Ya daina share gaban shagon, ya daina gaida Alhaji Hamani da ladabin da, har ya taɓa ɗaga masa murya a gaban mutane. Alhaji ya kira shi gefe ya dafa kafaɗarsa.

"Ɗana, na san abin da ka damunka. Masu son shagon ga sun hi goma, amma ni ba a raba aure da hannuna. Zamna abinka. Ko bayan raina na hwaɗa ma ɗiyana kar wanda ya taɓa ka."

Labo ya yi godiya har ƙasa, ya koma ciki ya kifa kai a kan tele. Duk garin haka suka yi masa. In kuran ya yanke sai maƙwabci ya jawo masa waya. In ya makara da safe sai mai shayi ya aika a buga masa ƙofa. Kowa na tsaron aurensa da zuciya ɗaya, kuma ba wanda zai iya yi wa fushi.

Tsohon maigidansa na kamiyo ya aiko sau biyu yana nemansa, ga sabuwar mota ba direba. Ya yi tunanin ya bar wani a shagon ya tafi. Amma tafiyar Abijan makonni ce, in wanda ya bari ya yi sakaci yini ɗaya, shi yana can bakin teku bai sani ba, ya dawo ya shiga ɗakin matar da ba tasa ba? Ya ce a gaida maigida.

Da mahaifinsa ya rasu a Dogarawa, ya buɗe shago da sassafe ya tsallaka titi wurin Illo. Tun ranar rantsuwar Illo bai ƙara tsokanarsa ba, kuma wannan shirun ya fi tsokanar nauyi. Illo ya rufe nasa gidan bidiyon ya zo ya zauna a na Labo. Labo ya samu jana'iza, amma bai kwana ba, bai yi zaman makoki ba. 'Yan'uwansa suna tabarma suna karɓar gaisuwa ya tashi ya nemi mota, yana jin wata gwaggonsa na cewa ashe akwai ɗan da tele ta fi masa uba.

Saratu ba ta taɓa yi masa gori ba, sai dai maganarta ta ragu. Ya fita tana soya ƙosai, ya dawo ta gaji. In ta ce mahaifiyarta ba lafiya a Tajaye, sai ya sa ta a mota ita da Kande, shi ko sau ɗaya bai taka gidan surukansa ba tun bayan biki. Wata rana tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kande ta tambaye ni ko shago na gidanka, nan kuma wurin da kaka zuwa cin tuwo." Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Ran wata kasuwa da hantsi sai ga Ƙasimu da Illo sun shigo tare, mutane na biye da su. Ƙasimu ya zaro kaset daga aljihu, sabo fil, ga hoton Gajere, ga lamba uku ja wur a goshinsa.

"An tada shi," in ji Ƙasimu, yana kallon bango. "Jiya na iso da shi."

Labo ya karɓa ya cusa shi. Kafin hoto ya fito, kiɗan ya riga ya gaya masa. Kiɗan kashi na ɗaya ne, an ɗan ƙara masa sauri. Gajere ya bayyana a kan tudu da riga kore maimakon ja, sama ta koma ruwan hoda, amma ramin farko na nan inda yake, dutsen na nan, tsuntsun da ke saukowa daga hagu ya sauko daga hagu. Tsohon wasa ne masu kwaikwayo suka sauya wa launi suka manna wa lamba.

"Ga shi bisa tudu!" Illo ya ɗaga murya. "Ya hita! Wallahi ga shi waje!"

Jama'a suka ɗauka da sowa. A cikinsu akwai waɗanda suka cinye kashi na ɗaya sau ba adadi, kuma su suka fi kowa ihu. Aka riƙo hannun Malam Isufu aka shigo da shi, Alhaji Hamani na bayansa. Malam ya kalli wajen hasken, ba ya ganin komai sai motsi.

"Ni ban san abin ga ba," ya ce. "Labo, kai kay yi rantsuwa, kai kas san niyyarka. Shi na?"

Labo ya waiga. A waje, bayan maza, Saratu na tsaye da mayafi, ita da ba ta taɓa zuwa bakin shagon ba. Ta rame, sai yau ya lura. Idonta na kansa.

"Shi na, Malam."

Aka shafa fatiha. Alhaji Hamani ya rungume shi ya ce ya huta, jibi ya kawo makulli. Illo ya ce gobe da kansa zai je ya gaya wa mai kamiyo direbansa ya dawo.

Washegari Labo bai fita ba. Karo na farko ke nan tun ranar rantsuwar da hantsi ya same shi a gida. Saratu ba ta ɗora kaskon ƙosai ba, ta yanka kaza, ta yi kitso, tana aiki tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ya zauna a gindin darbejiya Kande na hawa bayansa, yana murmushi. Ya ci abinci bai ji ɗanɗanonsa ba. Bayan azahar ya fara duban inuwar katanga. Ya gaya wa kansa Malam ya yarda, jama'a sun shaida. Sai wata zuciyar ta ce Malam tambayarka ya yi, kai kuma ka san abin da ka gani. Ya yi la'asar bai san me ya karanta ba. Ya dubi Saratu tana kwashe shanya, ya tuna in ranar nan ta faɗi shago na kulle, wannan matar da yake so fiye da ransa za ta zama wadda ko hannunta bai halatta ya riƙe ba, kuma zai ci gaba da zama da ita yana sane, kuma duk ɗan da za su haifa zai dube shi da wannan sanin. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Rana ta yi ja ya zabura. Ko takalmi bai tsaya nema ba. Ya ratsa tasha a guje, mutane na kiransa, ya buɗe kwaɗon, ya wangale ƙofa, ya kunna tele, ya zube a kan benci yana haki. Duk titin ya gani. Illo ya fito bakin gidan bidiyonsa, ya tsaya, ya tofar da yawu ya koma ciki.

Ba a daɗe ba Saratu ta iso. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba.

"Bai hita ba, Saratu," ya ce. "Na ɗaya na anka sake ma riga. Na yi ma Malam ƙarya. Ƙasimu sun so su taimake ni, amma ni na sani."

"Ni ma na sani."

Ya ɗago.

"Ni na tai wurin Ƙasimu. Ni na ce shi nemo ko wane iri na, in dai da ukku a jiki nai. Kwanonin aurena na saida." Muryarta ba ta tashi ba. "Na yi tunani na, Labo, ba yini guda ba. Na ce in da zunubi a raba mu biyu, na ɗauki nawa, Allah na ganin yadda anka yi. Kai ba ka iya ɗaukar naka."

"Don kar in rasa ki na."

"Na sani. Ban ce ka yi laihi ba." Ta gyara mayafinta. "Amma shekarun ga duka aure kaka tsaro, ni ko ina can gida ni ɗaya. Gobe ni da Kande za mu Tajaye. Ban ce ka sake ni ba, kuma ba ni neman kowa. Aurenka na nan lahiya lau. In ka samu yinin da za ka zo ka kwana, ka san gidan."

Da safe motar Illela ta yi lodi a tasha, daidai inda ake hangowa daga bakin shagon. Labo ya riga ya buɗe. Ya ga an ɗora ƙullin kayanta a sama, ya ga ta miƙa Kande ta taga sannan ta shiga. Ya taka har bakin kwalta, ya dubi tsallaken titi ko Illo zai zo ya zauna masa, ƙofar Illo na rufe. Ya dubi mai shayi, mai shayi ya sunkuyar da kai yana firfita wuta. Jiya ya mayar da su duka maƙaryata a gaban liman, yau ba wanda zai roƙa.

Motar ta tashi, ta wuce ta gabansa a hankali saboda ramuka. Kande ta gan shi ta ɗaga hannu tana kiran baba. Ya bi su 'yan taku kaɗan, sannan ya waiga ya ga ƙofar a buɗe ba kowa a ciki, iska na kaɗa ta tana neman turo ta. Ya koma da sauri ya riƙe ta, ya jawo dutse da ƙafa ya tokare. Kafin ya sake ɗagowa motar ta sha kwana.